Kayan hawa bishiya na mafarauta: za su yi aiki a kan dabino?

Tun da aka fara tallar kayan hawa bishiya marasa nauyi a intanet, 'yan'uwa masu aikin gonakin dabino a Madina da Ƙasim na Saudiyya ke tambaya ko sun fi abin da aka saba da shi. Asalinsu na mafarautan Amurka ne, masu ɗarewa bishiya su jira barewa. Shi mafarauci bishiya ɗaya yake hawa a wuni. Mai dabino kuwa, lokacin sa wa mace garin namiji, yana sauka daga wannan zai kama waccan.

Sandunan hawa su ne farko. Guda 3 ko 4 ake sayarwa, kowace wajen kilo 1, a ɗaure ta a jikin itace da maɗauri a taka, a ɗaura ta gaba. A kan itace mai shafaffen jiki sun zauna daram. Amma jikin dabino duk gindin ganye ne da aka datse, abin da Larabawa ke kira karab. Haƙoran sandar a kan karab suke sauka, ba a kan gangar ba, idan kuwa tsoho ne ya rube sai ya ɓalle, sandar ta karkace da mutum a kai. Ga ɓata lokaci wajen ɗauri da kwancewa.

Takalmin ƙarfe mai tsini ya fi su sauri, amma mai gona da ya san ciwon dukiyarsa ba zai yarda ba. Kowane taku huda ne, rauni kuma shi ke janyo jan ƙwaron nan na dabino, wanda aka fara ganinsa a Saudiyya a yankin Ƙatif a 1987. A raunin yake zuba ƙwai, tsutsar ta cinye cikin bishiyar tana tsaye, ba a ankara ba.

Tsanin alminiyum na gajerun bishiyoyi ne. A janye gindinsa mita 1 a duk mita 4 na tsayi, a ɗaure kansa, a kuma sa katako a ƙasa, don kwarin ban ruwa yana lumewa.

Saura kar, igiyar gargajiya ta Ahsa (gabashin Saudiyya) da kewaye, mai faffaɗan baya. A zagaya ta da gangar, a jingina da baya, a wurga ta sama, a taka karab. Babu abin da ya kai ta sauri da rashin nauyi. Aibinta biyu ne. Ba ta kama cinya, don haka idan ƙafa ta zame babu mai riƙe mutum. Sannan wasu na haɗa ta da shuɗiyar igiyar roba ta kasuwa, wadda ranar Saudiyya ke cinyewa. Murza ta da yatsa, in ta saki gari, a yar.

Abin da ya cancanci kuɗi a kayan mafarautan shi ne ɗamarar zama mai maɗaurin cinya da igiyar jingina. Aikin igiyar kar suke yi, sai dai sun fi riƙo. A duba tambarin EN 358, ma'aunin ingancin Turai na ɗamarar jingina, a ɗamarar. Igiyar ta kai kaurin milimita 11, in da hali mai waya a ciki, saboda lauje a kusa da ita yake aiki. Ƙugiyar da ke haɗa igiya da ɗamara ta zama mai makulli, a ga 22 kN (ma'aunin ƙarfin da take ɗauka) ko sama da haka a jikinta, don in bakinta ya buɗe ƙarfinta ya koma kusan kashi ɗaya cikin uku. Igiya biyu ake so: a ƙarƙashin ganye, kafin a kwance ta farko a ɗaura ta biyu. Nonon dabino kuma da wata igiyar daban ake zuro shi, ba a rataya shi a ɗamara.