Wasiƙa daga La Roshel: Kwale-kwalen Ceto da Wurin Ajiye Shi

Yayana mai daraja,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan ƴan uwa na Birni da na Zango duk suna cikin ƙoshin lafiya, ka tambaye ni wane irin kaya ne nake yini a kansa a wurin aiki, tun da hoton da na aiko bai nuna maka komai ba sai wani farin akwati da aka ɗaure da maɗauri. Na tsawaita amsar da gangan, domin kai mutum ne mai ɗora fasinja a mota daga Damagaram zuwa Agadas, kuma maganar ta shafe ka fiye da yadda za ka zata.

La Roshel gari ne a bakin Tekun Atlantika a yammacin Faransa, kuma tasharsa ta Minimes tana ɗaukar ƙananan jiragen ruwa fiye da 4,000, mafi yawansu masu tafiya da ƙarfin iska. Farin akwatin nan kwale-kwale ne na roba da aka naɗe tare da tukunyar gas. Idan jirgi zai nutse ko ya kama da wuta, sai a jefa akwatin a ruwa a fizgi igiyarsa, gas ɗin ya hura robar cikin ƙasa da minti ɗaya, ta zama ɗan ɗaki mai rumfa ruwan lemo wanda mutane za su fake a ciki har agaji ya iso. Dokar wannan ƙasa, wadda suke kira Division 240, ta wajabta shi a kan duk jirgin shaƙatawa da zai yi nisan da ya wuce mil 6 na teku daga mafaka, wato kusan kilomita 11.

Wajen saye, mai hankali ba ya fara da tambayar kuɗi. Yana fara duba ko kayan yana ɗauke da lambar ISO 9650, ƙa'idar da aka fitar a 2005, wadda ta raba kwale-kwalen bakin gaɓa da na tsakiyar teku, ta kuma ware wanda zai iya huruwa a sanyin da ya kai digiri 15 ƙasa da sifiri, mai shimfiɗa biyu don kada sanyin ruwa ya ratsa jikin masu zama. Sai kuma guzurin da ke ciki. Akwai na wanda ake sa ran za a cece shi kafin awa 24, akwai na wanda zai daɗe, kuma a na biyun ne ake zuba ruwan sha lita ɗaya da rabi ga kowane mutum tare da busasshen abinci. Dukansu suna da wutar neman agaji, da abin kwarfe ruwa, da famfo, da maganin amai, da wuƙa marar tsini wadda ba za ta huda robar ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki da farko shi ne batun girma. Mu a gida mun saba cewa babba ya fi, amma a nan idan mutum huɗu ne ke tafiya, ana hana su sayen na mutum goma, saboda nauyin mutanen da ke ciki, tare da aljihunan da ke cika da ruwa a ƙarƙashi, shi ne ke hana iska da igiyar ruwa kifar da shi. Mai kyau na mutum shida, ko na kamfanin Plastimo da ke Loriyan a nan Faransa ko na kamfanin Viking na Danmak, yakan kai wajen yuro 1,500, abin da ya kusa miliyan ɗaya na sefa, wasu kuma sun haura haka nesa.

Wannan kuɗi ana biyansa ne a kan kayan da mai shi ba zai iya buɗewa ya gwada ba, domin ranar da ya fizgi igiyar ita ce ranar da ransa ya rataya a kanta. Saboda haka abin da ake saye a gaskiya amana ce, kuma aikinmu shi ne tsare ta. Yawanci duk bayan shekara uku ake kawo mana shi. Muna yanke hatimi, mu shimfiɗa robar a daɓe mai tsabta, mu hura ta da busasshiyar iska, mu bar ta da ma'auni a jiki don mu ga ko iskar tana raguwa. Tukunyar gas kuma a kan sikeli ake ɗora ta, domin nauyinta kaɗai ke faɗin ko ta yi yoyo. Duk abin da wa'adinsa ya ƙare, ruwa ne ko batir ko magani, ana fitar da shi ko da yana nan kamar sabo. Daga nan sai a naɗe robar bisa tsarin da kamfanin ya zana, ninki bayan ninki, a sa ta a leda a zuƙe iskar, a rubuta rana da sa hannu a littafin da ke bin kayan duk tsawon rayuwarsa. Maigidana yakan kira mai kayan ya zo ya shiga ciki tare da matarsa da ƴaƴansa alhali yana hure, su taɓa wuƙar, su ga inda tsanin hawa yake, kuma ban taɓa ganin wanda ya fito daga ciki yana wasa da maganar ba.

Duk wannan ɗawainiya tana iya tashi a banza saboda wurin ajiya. Ana sayar da shi iri biyu, a jaka mai laushi wadda dole a ɓoye ta daga rana da ruwa, ko a akwati mai tauri wanda ake ɗaurewa a sarari, a saman jirgi ko a shingen ƙarfe na bayansa. Nauyinsa yakan kai kilo 30 zuwa 40, kuma dole a yi tunanin wanda ya fi kowa rauni a jirgin, cikin dare, jirgi na tangaɗi, mai ƙarfin kuma wataƙila shi ne ya ji ciwo. Ƙa'idar masu tseren teku ta ce a iya kai shi bakin jirgi cikin daƙiƙa 15. Wasu suna ƙara wata ƴar na'ura da ke yanke maɗaurin da kanta idan ta nutse tsakanin mita ɗaya da rabi zuwa huɗu, ana kuma canza ta duk shekara biyu. Igiyar fizga kuwa tilas a ɗaure bakinta a jikin jirgi tun kafin a jefa, in ba haka ba akwatin ya tafi da iska a rufe.

Waɗannan ƙa'idoji da rayuka aka saye su. A watan Mayu na 2014 jirgin Cheeki Rafiki ya rasa ƙarfen ƙasansa, mai nauyin da ke hana jirgi kifewa, a tsakiyar Atlantika ya kife farat ɗaya, mutum huɗu suka salwanta, kuma da aka gano jirgin an tarar da kwale-kwalen ceton yana nan a ma'ajiyarsa. A tseren jiragen ruwa na Fastnet, tsakanin Ingila da Ailan, na 1979 kuma guguwa ta kashe ƴan tsere 15, bakwai daga cikinsu bayan sun koma kwale-kwalen ceto, alhali a cikin jirage 24 da aka gudu aka bari, biyar kaɗai suka nutse. Tun daga lokacin ake koya wa matuƙa kada su bar jirgi sai ya tabbata cewa shi ne zai bar su.

Ba ina cewa komai na nan ya fi namu ba ne, Yaya. Mai facin taya na bakin Kasuwar Dole ya fi yawancin abokan aikina sanin roba da hannu, kuma raina yana ɓaci idan na ga an yanka kwale-kwale mai sauran ƙarfi an zubar don kawai shekarunsa sun cika. Kuɗin dubawa ma yana da nauyi, har wasu suna jinkirta shi. Amma a wajen kayan da ake ajiyewa don mugunyar rana, sun yi mana nisa. Tukunyar kashe gobara a motocinmu sau da yawa don jandarma ake sayenta, ba wanda ya san ranar da aka cika ta, babu kuma shagon da zai auna ta ya sa hannu. Safayar taya da jarkokin ruwa su ake fara ɗorawa, sai a danne su da buhunan gero da kayan fasinja, a kan hanyar da idan mota ta mutu bayan Tanut ruwan nan shi ne rai.

Don haka ina roƙonka, da girman da nake ba ka, ka sa yaran mota su ware jarkokin ruwa a gefen da hannu ɗaya zai kai gare su ba tare da an kwance lodi ba, ka sa a riƙa auna tukunyar kashe gobara a sikeli a rubuta nauyin da ranar a jikinta, kuma kowane direba ya taɓa gwada fesa tsohuwar tukunya ɗaya da hannunsa a fili kafin ya ɗauki hanya. Kuɗin sababbin tukwanen na ɗauke shi, zan aiko a ƙarshen wata in Allah ya yarda. A gaishe mini da Inna da sauran mutanen gida.

Ƙaninka.