Na kai memori a zuba mini kiɗan Kolombiya

Mahaifina makaɗin kalangu ne. Ni tela na zama, amma kunnen gidanmu bai bar ni ba. Tun gasar cin kofin duniya ta 2014, da na ga 'yan wasan Kolombiya suna jeruwa a gefen fili suna taka rawa duk sa'ad da suka jefa ƙwallo, nake kwaɗayin jin kiɗan gargajiyar ƙasarsu. Sai watan jiya na ɗauki memorina na nufi wani ɗan shagon tura waƙa da ke bakin babbar kasuwar Maradi.

Shagon bai fi taku huɗu ba: kwamfuta ɗaya, benci, fanka mai kuka. Da na faɗi abin da nake so, yaron ya kalle ni ya ce, "Baba, ba Indiya ba?" Na miƙa masa takardar da ɗana ya rubuta mini sunaye huɗu: kumbiya, bayenato, kurrulawo, horopo. Ya ce in dawo bayan la'asar, dala ɗari ne kuɗin. Ban yi ciniki ba.

Kumbiyar da ya samo ita ta biya ni. Kiɗan mutanen gaɓar tekun Karebiyan ne, ganguna uku ke ɗauke da shi. Akwai babbar tambora, akwai alegre mai surutu da kwaskwarima, sai ƙaramar yamador, wadda ba ta sauya bugu daga farko har ƙarshe. Ina jin ta na tsayar da keken ɗinki. Aikin kuntuku ne sak a gindin kalangu, aikin da aka fara ɗora ni a kai ina ɗan shekara bakwai, in na kuskure in sha ranƙwashi. A saman gangunan akwai gaita, doguwar sarewa da ake fafewa daga wani icce mai ƙaya, kanta na kakin zuma ne haɗe da garin gawayi. Muryarta a shaƙe take kamar ta Bafulatanin da ya wuni a rana. Bidiyo guda da ya haɗo mini ya nuna matan riƙe da kyandirori a kunne, suna jan ƙafa a ƙasa, maza na kewaya su da malafa a hannu.

Bayenato ma ya fito da kyau: akodiyon mai numfashi kamar zugazugin maƙera, 'yar ganga, da sanda mai tsage-tsage da ake kankara. A garin Bayedufar ake yi masa gasa tun 1968, har a naɗa sarkin akodiyon, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNESCO, kuma ta sa shi cikin al'adun da ke buƙatar ceto a 2015.

To, ga inda yaron ya ɓata mini. A cikin kumbiyar ya cusa wasu na zamani masu fiyano da jita, babu gaita, babu yamador, ƙarar biki kawai. Kurrulawo kuwa, kiɗan baƙaƙen fata na gaɓar Fasifik mai marimba, 'yar uwar balafon, wato jerin ɓarorin itacen wani irin dabino da ake bugawa da sanduna, guda biyu rak na tarar, ɗaya ma ta yanke a tsakiya. Horopon makiyayan filayen gabas bai saka ba sam. Sunaye kuma babu, lambobi ne kawai, sai ka yi ta lalube kamar mai neman allura cikin tsumma.

Na koma washegari. Bai yi musu ba, ya ce intanet ce ta yanke masa, ya ƙara mini horopo shida bai karɓi ko dala ba. Na ce ya goge masu fiyanon, ya ce, "Baba, su ne fa masu daɗin." Na zauna a bencin har ya goge su a gabana.