Kawu, libarba ta sauka daga ƙugun 'yan sandan Amurka

Assalamu alaikum Kawu. Ina gaishe ku da Inna da yara da duk mutanen gida, da fatan ciwon gwiwar ya yi sauƙi. Mu nan Bronx ta birnin New York lafiya lau, sai sanyi da ya fara shigowa.

Saƙonku na murya ya iso, inda kuke tambaya ko har yanzu hukuma tana ba 'yan sandan Amurka libarba, irin mai cin harsashi shida da kuka riƙe lokacin kuna sufeto. Ba ta bayarwa, Kawu. A manyan birane an daɗe da daina ba sabon kurtu ita. Na ga gara in rubuta a tsanake, don na san za ku karanta wa abokan aikinku na da a majalisar ƙofar gida, kuma za su yi gardama.

Da farko, nan ba rundunar 'yan sanda guda ba ce mai Sufeto Janar ɗaya kamar tamu. Hukumomin 'yan sanda sun kai wajen 18,000: na birni, na gunduma, na jiha, na tarayya, har da na jami'o'i, kuma kowace ita ke zaɓar makaminta. Duk da wannan rarrabuwa, kusan duka hanya ɗaya suka bi. Ɗan sandan da nake haɗuwa da shi a shagon kwanar layinmu yana sayen kofi, in kun dubi ɗamararsa za ku ga baƙar fistol (ƙaramar bindiga mai gidan harsashi a cikin mariƙi) a kube ta dama, gidan harsashi biyu na ko-ta-kwana, ankwa, barkonon tsohuwa na fesawa, kulkin ƙarfe mai naɗewa, rediyon oba-oba, wani lokaci da Taser (bindigar lantarki) mai ruwan ɗorawa a ɗaya gefen, sai kyamara a ƙirji. Fistol ɗin galibi Glock ce, tana cin harsashi 15 da ɗaya a baki. In aka haɗa da na ko-ta-kwana, harsashi 46 ke jikinsa. Ɗan sandan zamanin libarba shida ne a bindigarsa, 12 a ɗamara.

Ba don libarba ta lalace aka bar ta ba. Ƙirar Smith & Wesson da daga baya aka sa wa suna Model 10 tun 1899 ake ƙera ta, an yi fiye da miliyan shida, kuma ita da takwarorinta na kamfanin Colt ne suka riƙe titunan ƙasar nan mafi yawan ƙarnin da ya wuce. A wurin da nake gadi akwai wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin ɗan sanda, tasa tana nan, kuma ba ya son a kushe ta a gabansa. Wata Asabar da na je gidansa ya fito da ita bayan ya zazzage ta tas. Bai bar ni na taɓa ba, domin a jihar nan riƙe ƙaramar bindiga ba lasisi laifi ne ko da a ɗakin aboki. Shuɗin ƙarfen ya koɗe a bakin bututun saboda gogar kube, katakon mariƙin ya yi santsi. Ya tura wani ɗan maɓalli da babban yatsa, gangar mai ramuka shida ta faɗo gefe, ya ɗaga bakin sama ya buga wani ɗan sanda na ƙarfe da tafin hannu, wanda shi ke zubar da kwanso. Sai ya nuna mini yadda ake ɗurawa ɗaya bayan ɗaya. Yana zaune a kujerarsa, ba mai harbinsa, amma na ga yadda abin ke cin lokaci. Ya ce mini a sanyin Janairu, da yatsu a ƙage da duhu, nan ne mutum ke gane shida ba su da yawa. Yabon da yake mata kuwa shi ne ba ta cijewa: in harsashi ya ƙi tashi, ka sake jan kunama ta juya zuwa na gaba.

Wannan ɗurin shi ya kashe kasuwarta, kuma da jini aka gane. A watan Afrilun 1970, a Newhall ta jihar Kalifoniya, wasu mutum biyu suka kashe 'yan sandan babbar hanya huɗu cikin 'yan mintuna. Ɗaya daga cikinsu, James Pence, yana durƙushe yana ɗura libarbarsa aka zo aka harbe shi. A 1986 irin haka ta sami wani matashin ɗan sandan birnin nan, Scott Gadell, a unguwar Far Rockaway. A shekarar dai, ranar 11 ga Afrilu, jami'ai takwas na FBI, hukumar bincike ta tarayya, suka yi arangama da 'yan fashin banki biyu a Miami. Ɗaya daga cikin ɓarayin doguwar bindiga ce a hannunsa. Jami'ai biyu suka mutu, biyar suka jikkata, kuma wani da aka harba a hannu ya kasa sake ɗura libarbarsa saboda jinin da ya cika ramukan. Abin da masu son libarba ke tuna wa mutane shi ne, jami'in da ya kawo ƙarshen faɗan, Edmundo Mireles, da libarba ya gama da su. Gaskiya ne. Amma hukumomi sun riga sun yanke shawara, ga shi lokacin ne hodar iblis ta cika birane, 'yan sanda suna kukan cewa dillalai sun fi su makami.

'Yan sandan jihar Illinois sun riga kowa, tun 1967 suka koma fistol, sai dai shekara ashirin aka yi kafin sauran su biyo. Wanda ya ci ribar guguwar shi ne Gaston Glock, wani injiniya ɗan Ostiriya da bai taɓa ƙera bindiga ba kafin sojojin ƙasarsa su karɓi tasa a 1982. Jikinta roba ce mai ƙarfi, ba ta da nauyi, kayan cikinta kaɗan ne, gyaranta ba wuya. Ya buɗe reshe a garin Smyrna na jihar Jojiya, sannan ya yi dabarar kasuwa: ku kawo tsofaffin bindigoginku, mu ba ku sababbi da rangwame. Kamar dai mai kai tsohon babur a cika kuɗi a ɗauki sabo. Tsofaffin kuma aka sayar wa dillalai, shi ya sa har yau ake samun libarbar 'yan sanda ta hannu a shagunan bindiga na wasu jihohi.

Birnin New York ya ja ƙafa. Sai a 1993 aka fara ba sababbin kurata fistol, kuma aka bar tsofaffin ma'aikata da libarbarsu in suna so. Aka kuma sa a taurara kunamar fistol ɗin, sai an ja da nauyin da ya haura kilo biyar kafin ta tashi, don hannun da ya saba da libarba kada ya yi kuskuren harbi. Tsofaffin nan suka riƙa raguwa da ritaya, har a 2018 hukuma ta ce ƙarshen watan Agusta ne wa'adi, 'yan kaɗan da suka rage aka kai su filin horo na Rodman's Neck, nan cikin Bronx, aka koya musu sabuwar.

Kun tambayi kuɗi. Glock sabuwa a shago tana kamawa tsakanin dala 500 zuwa 600, 'yan sanda kuma ana yi musu ragi. Libarba mai kyau sabuwa ta fi haka tsada yanzu, domin ƙarfe ce zalla mai buƙatar aikin hannu, kuma harsashinta ma ya fi na fistol tsada tunda an rage sayensa. Ga wani abu da zai ba ku mamaki: ba ko'ina ne hukuma ke sayen bindigar ba. A Chicago ɗan sanda da kuɗinsa yake sayen tasa, daga cikin jerin da hukuma ta amince da shi, kuma ƙananan garuruwa da yawa haka suke yi. Farar hula kuwa a birnin nan, kafin ya kai ga shago sai ya biya dala 340 kuɗin neman lasisi, ban da na ɗaukar hoton yatsu, ya jira watanni ana bincikensa. A wasu jihohin kudu mutum zai shiga shago da katin shaida, a duba sunansa a kwamfuta, ya fito da bindiga a ranar.

Libarba ba ta ɓace gaba ɗaya ba. Akwai 'yar ƙarama mai cin biyar da wasu 'yan sanda ke ɗaurawa a idon sawu ko su riƙe in sun tashi aiki, inda hukumarsu ta yarda. A Japan har yanzu ɗan sandan unguwa libarba mai cin biyar ake ba shi, domin da wuya ya harba ta ko sau ɗaya har ya yi ritaya. Zaratan jandarmomin Faransa na GIGN suna alfahari da tasu, Manurhin MR73. A Ingila kuwa mafi yawan 'yan sanda ba sa ɗaukar bindiga ko kaɗan.

Yanzu bari in zo inda abin ya taɓa mu. Kowane ɗan Afirka ta Yamma da ke Bronx ya san sunan Amadou Diallo. Ɗan Gini ne, mai shekara 23, yana talla a bakin titi. Daren 4 ga Fabrairun 1999 yana tsaye a ƙofar gidansu a Wheeler Avenue, 'yan sanda huɗu cikin farin kaya suka tsaya masa, ya sa hannu a aljihu ya fito da walat. Harbi 41 suka yi, 19 suka same shi. Biyu daga cikinsu kowanne 16 ya harba, wato sai da bindigar ta ƙare. Da libarba ce a hannunsu, su huɗun gaba ɗaya 24 ne iyakarsu kafin su tsaya ɗuri. Ba na cewa da ya rayu. Rai na Allah ne, kuma harsashi ɗaya ma ya isa. Amma wannan tsayawar ta ɗuri, wadda ta ci ran Pence da Gadell, ita ce kuma daƙiƙun da mutum ke ɗagowa ya ga abin da ke hannun na gabansa. Kotu a Albany ta wanke su duka a shekara ta 2000. An sa wa wannan yanki na layin sunansa, kuma ba na wucewa ta wurin ban yi masa addu'a ba.

Duk da haka, Kawu, ba zan ɗora wa fistol laifin duka ba, domin lissafi bai yarda ba. A 1971, zamanin libarba tsantsa, 'yan sandan birnin nan sun harbe mutum 93 har lahira, kuma a 1972 sau 994 aka rubuta sun yi harbi. A 'yan shekarun nan, da bindiga mai cin 16, lokutan da suke yin harbi ba sa kai ɗari a shekara. Dokar harbi ce aka canza. Tun farkon shekarun 1970 aka hana harbin gargaɗi, aka taƙaita harbin mota mai gudu, aka kafa kwamitin da ke zama a kan kowane harbi. Ɗan sanda in bindigarsa ta tashi, ko kare ya harba, ko a ɗakinsa ta kuɓuce masa, sai manya sun zo, an karɓi bindigar, an ƙirga abin da ya rage a ciki, an tsince kwanso a ƙasa. Lambar bindigar tana haɗe da sunansa. Sau biyu a shekara yake komawa filin horo a gwada hannunsa. Ƙarshen shekara kuma a buga rahoto kowa ya karanta a intanet. Wannan ne abin da nake yi wa mutanen nan sha'awa, fiye da kowace irin bindiga.

Ku dubi namu. Ɗan sandan da ke shingen hanyar Zariya, ko wanda aka kira rabon faɗa a kasuwa, AK-47 ce a kafaɗarsa, bindigar yaƙi mai cin 30, wadda harsashinta ke huda ƙofar mota ya wuce ya sami wanda ba ruwansa. Ban ga laifinsa ba. Abin da aka miƙa masa ke nan, kuma wanda aka tura dajin Zamfara ko Birnin Gwari ba za a ba shi ƙaramar bindiga a ce ya tari masu manyan makamai ba. Nan ma sun koyi wannan darasi a 1997, lokacin da 'yan fashi biyu sanye da sulke suka tsare 'yan sandan Los Angeles a North Hollywood, har sai da 'yan sanda suka shiga wani shagon bindiga suka ari dogaye. Amma abin da suka yi bayan nan shi ne ajiye doguwar a kulle cikin mota, ko a hannun runduna ta musamman. Mai sintirin unguwa ƙaramarsa tana kube, hannuwansa biyu a sake. Namu kuwa hannu ɗaya kullum yana kan bindiga, ko takardar mota zai karɓa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na shekarar 2019, wanda ya ce zuwa Disambar 2018 akwai makaman 'yan sanda 178,459 da ba a san inda suke ba, 88,078 daga ciki AK-47 ne. Da na faɗa wa dattijon nan abokin aikina, sai da ya sa na maimaita adadin, domin a nan ɓatar da bindiga ɗaya tana jawo wa ɗan sanda tuhuma da hukunci a takardarsa.

Ku da kuka yi aikin, ina so ku ba ni labarin yadda littafin ma'ajiyar makamai yake a zamaninku. Na tuna kuna cewa ba a tashi aiki sai an ƙirga harsasai a gaban saje an sa hannu. Ina son in san a wane lokaci ne wannan ya fara sakwarkwacewa, kuma ta ina, don dattijon ya tambaye ni kuma na ce masa ku zan tambaya.