Wane Dandalin Koyar da Kwamfuta Ya Dace da Makarantarku?

Malam hedimasta, kafin ka tambayi wane shafi ya fi kyau, fara lissafa awa nawa kuke samun wuta a rana, da kuma wa zai riƙa sayen data. Duk dandalolin da zan ambata kyauta ne. Wuta da data su ne ke cin kuɗin.

Khan Academy, wanda Salman Khan ya kafa a 2008, gwani ne a lissafi da kimiyya, amma bidiyo ne ƙashin bayansa, bidiyo kuwa yana zuƙe data kamar rairayi ya samu ruwa. Code.org, da aka buɗe a 2013, ya jera darussan koyon rubuta wa kwamfuta umarni daki-daki har malami na ganin inda kowane ɗalibi ya kai. Matsalarsa ɗaya: da zarar sabis ya ɗauke, aji ya tsaya cak.

Ni dai Scratch na fi so ga 'yan firamare da ƙaramar sakandare. Jami'ar MIT ta Amurka ce ta fitar da shi a 2007, don koya wa yara 'yan shekara 8 zuwa 16 yadda ake ba kwamfuta umarni. Yaro ba ya buga dogon rubutu. Tubala masu launi yake jawowa yana haɗawa, sai ya ga 'yar kyanwar da aka zana a allon kwamfuta ta yi tafiya, ta juya, ta yi magana. Idan ta ƙi motsi, shi da kansa zai koma ya nemo inda ya kuskure, kuma wannan neman shi ne ainihin karatun. Sau ɗaya ake sauke shi a kwamfuta, daga nan ba ruwanka da intanet. Yara uku a kan kwamfuta ɗaya ma ba laifi, gardamarsu tana ƙara musu fahimta.

In kuna da sola da tsofaffin kwamfutoci ko allunan hannu, ku duba Kolibri. Ana zuba darussa a na'ura ɗaya, sauran su ɗauka daga gare ta ta wayifai na cikin gida. Sai dai a nemi wanda ya san kan na'ura ya saita shi tun farko.

Nigeria Learning Passport, wanda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a 2022, ya bi manhajar karatun ƙasa kuma yana da darussa da Hausa, don haka ya fi amfani wajen bitar darussan aji.

Makarantar da ba ta da ko kwamfuta ɗaya kuwa, malaminta ya buga darussan CS Unplugged na Jami'ar Canterbury ta ƙasar New Zealand a takarda. Da katuna biyar masu ɗige-ɗige ake koya wa yara yadda kwamfuta ke ƙirga da 0 da 1, ko a gindin bishiya.