Gargaɗi ga masu neman tsohuwar Fijo 504: na ga motar da idona, kuma aka damfare ni

Assalamu alaikum. 'Yan uwa masu sha'awar tsofaffin motoci, musamman masu neman Fijo 504 da Marsandi ta da domin a gyara a ajiye, don Allah ku karanta wannan kafin ku tura wa kowa ko sisi. Akwai wani ɗan damfara da ke yawo a Facebook da zaurukan WhatsApp, kuma salonsa ya sha bamban da wanda muka saba ji. Motar da yake tallatawa tana nan da gaske. Za ka je ka gan ta, ka tayar da ita, bakanikenka ya kwanta a ƙarƙashinta ya ce lafiyarta ƙalau, sannan kuɗinka su salwanta. Ni aka yi wa haka, yau wata biyu ke nan.

Na shekara uku ina neman 504 mai tsafta. A cikin irinta mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ya koya mini tuƙi, kuma duk wanda ya tashi a Kaduna ya san matsayin motar nan a wurinmu. A 1968 ta fito a Faransa, aka zaɓe ta motar shekara ta Turai a 1969, daga 1975 kuma aka fara harhaɗa Fijo a nan Kakuri. Faransawa sun daina ƙera salun ɗinta a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da fitar da ita fiye da shekara ashirin bayan nan. Duk da yawan da ta yi, mai kyau ta yi wuya yanzu. Yawancinsu haya ta cinye su, wasu tsatsa ta gama da ƙasansu, wasu an yanka an sayar da kayan. Shi ya sa idan mai tsafta ta ɓullo jikinmu ke rawa, kuma mutumin nan ya san da haka sarai.

Bidiyo na fara gani. Salun ce mai launin madara, kujerunta na asali, tambarin zakin da ke gabanta bai ko karce ba, tana fake ƙarƙashin darbejiya. Ya sa mata naira miliyan 2.8. Da na kira, sai na ji murya mai natsuwa, Hausa tsaf, da sallama da tambayar iyali. Ya ce motar baffansa ce a Zariya, shi yana aiki a Fatakwal, 'yan uwa sun ɗora masa sayarwa saboda ana neman kuɗin magani. Bai nemi kafin alƙalami ba. Cewa ma ya yi, "Yallaɓai, kada ka ba ni ko kwabo sai ka je ka gani da idonka." Wannan maganar ce ta kwance mini ɗamara, domin duk abin da na sani game da 'yan damfara shi ne suna hana ka ganin kaya.

Sai ya roƙe ni alfarma guda. Wai Baffa yana matuƙar son motar, ya ɗauka za ta yi kuɗi fiye da haka, su 'ya'yansa ne suka shirya za su cika masa ragowar ba tare da ya sani ba. "Don girman Allah kada ka yi maganar farashi da shi, ransa zai ɓaci, ga hawan jini." Na ce ba komai. A ganina a lokacin, ladabi ne na ɗa ga ubansa.

Ranar Asabar muka tafi da bakanikena. Mai motar dattijo ne mai kamala, farin gemu, ya shimfiɗa mana tabarma a zaure.

"Baba, ina wuni? Mun same ku lafiya?"

"Lafiya lau, ɗana. Ku ne aka ce za ku zo ganin mota?"

"Mu ne, Baba."

Da kansa ya yaye tamfol ɗin. Wallahi da na buɗe ƙofa, ƙamshin kujerun nan ya mayar da ni shekara talatin baya. Bakanike ya ɗauko maganaɗisu ya bi ƙasan ƙofofi da bakin tayoyi, ko'ina yana kamawa, alamar ba a cika jikin da foti an shafe da fenti ba. Ya ɗaga kafet ya duba ƙasa, babu huji. Ya buɗe bonet ya gwada lambar shasi da wadda ke takarda, suka yi daidai. Injin nan mai lita biyu ya tashi bugu ɗaya, babu hayaƙi, kafireta ba ta tari. Muka zaga unguwa muka dawo. Abin da kawai muka samu shi ne 'yar tsagewa a fitilar baya ta hagu. Baba ya kawo takardu cikin tsohuwar ambulan, duk da sunansa. Mun yi fiye da awa ɗaya tare, mun yi hirar yadda ya saye ta da tafiye-tafiyen da ya yi da ita, amma ko sau ɗaya ba wanda ya ambaci kuɗi, ni ban yi ba, shi bai yi ba.

Daga baya ne na san dalilin shirunsa. Jikansa ne ya sa tallar motar a intanet a kan miliyan 4.5. Mutumin nan ya kira su a matsayin dillali, ya ce yana da mai saye a Kaduna, ya nemi a turo masa bidiyo da hotunan takardu, sannan ya ce zai aiko yaronsa da bakanike su duba, amma kada a yi maganar farashi da su domin ya ɗora la'adarsa a sama. Kun ga ya ɗaure bakin kowa da igiya daban. A wurina shi ɗan gida ne, a wurin Baba kuma shi ne maigidana, alhali bai taɓa taka ƙofar gidan ba, kuma babu ɗayanmu da ya taɓa ganin fuskarsa.

A ranar, ina fita waje mutumin nan ya kira. Ya ce akwai wani daga Abuja da zai iso gobe da safe da kuɗi a hannu, amma ya fi so ni na samu tunda na sha hanya. Ya turo lambar asusu, sai na ga sunan mace. Na tambaya, ya ce na matarsa ne, nasa ba ya ɗaukar kuɗi masu yawa. A nan ya kamata na tsaya, ban tsaya ba. Ina jingine da motar na yi taransifa, ya ce ya ga alat, wai na shiga na karɓi makulli.

"Baba, an biya, sai a ba mu makulli da takardu."

Ya duba wayarsa, ya kira jikansa shi ma ya duba. "Ɗana, ni ban ga komai ba. Nawa ka ce ka biya? Wa ka biya?"

Na ce ɗan ƙaninsa na Fatakwal. Ya yi shiru, sannan ya ce shi ba shi da kowa a Fatakwal. Muka kira lambar tare, a kashe.

A daren na sanar da banki, washegari na kai ƙara wurin 'yan sanda. Kafin a yi wani abu an riga an rarraba kuɗin zuwa wasu asusun an cire ta hannun masu POS. Dokar yaƙi da zamba ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20 ga mai irin wannan laifi, kuma ina fatan ya shiga hannu ya ɗanɗana, amma har yau ba a dawo mini da ko naira ba. Abin da ya fi ci mini rai ma shi ne halin da dattijon nan ya shiga. Sai da aka kira shi ofis ya yi bayani, mutumin da unguwa ke girmamawa, a kan laifin da bai san hawa ba bai san sauka ba. Na faɗa a rubuce cewa shi ma cutarsa aka yi.

Mun saba cewa gani ya kori ji, kuma a harkar tsofaffin motoci mun mayar da hankali kacokan kan ƙarfe: tsatsa, fenti, lambar inji, ko an sauya giya. Duk wannan na yi, kuma bai hana komai ba, domin ban bincika wanda zai karɓi kuɗin ba. Tambaya ɗaya ce da na yi ta a zauren nan da asirinsa ya tonu: "Baba, nawa kuka sa wa motar?" Saboda haka duk wanda ya ce maka kada ka yi zancen farashi da mai riƙe da makulli, ko wane dalili ya kawo, rashin lafiya ne, rikicin gado ne, la'ada ce, ka tashi ka bar cinikin. Dillalin gaskiya yana zama ne a tsakaninku, a faɗi kuɗi a fili, a yi sallama, a ba shi la'adarsa kowa na gani.

Sunan da ke kan asusu ya zama shi ne na kan takardar mallaka, shi ne kuma na katin shaidar mutumin da ke zaune gabanka. Lambar asusun daga bakinsa za ka karɓa, ba ta waya daga wani gari ba. In mai motar ya rasu, wanda ya zama ruwan dare a irin waɗannan motoci, a tara magada a rubuta yarjejeniya da shaidu, in da hali har da mai unguwa. Ku ma masu sayarwa, ku daina tura hotunan takardunku ga dillalin da ba ku taɓa gani ba, kuma duk wanda ya zo duba mota ku tambaye shi kai tsaye wa ya aiko shi, nawa aka ce masa.

Makon jiya wani abokina ya turo mini bidiyon nan dai, an sake sa shi da wani suna da sabuwar lambar waya, wannan karon wai motar tana Funtuwa. Motar tana Zariya cikin tamfol ɗinta, kuma Baba ya ce ya fasa sayarwa. Duk wanda ya nuna muku 504 mai launin madara a ƙarƙashin darbejiya, da tsagewa a fitilar baya ta hagu, ya ce ta sayarwa ce, ku ɗauki hoton shafinsa da lambar asusun da ya bayar ku kai wa 'yan sanda ko EFCC.