Sharhi kan gwajin Project Implicit: yana tona ɓoyayyen son zuciya, amma ba ya maganinsa

Gwajin IAT (Implicit Association Test, mai auna yadda tunanin mutum ke haɗa abubuwa ba tare da saninsa ba) da shafin Project Implicit ke bayarwa kyauta a intanet na cikin abubuwan da ma'aikatu ke tura wa ma'aikatansu idan ana horo kan adalci a wurin aiki. Masana halayyar ɗan Adam uku ne suka kafa Project Implicit a Amurka a 1998, wato Anthony Greenwald da Mahzarin Banaji da Brian Nosek.

Ana gama gwajin cikin kusan minti 10. Sunaye da kalmomi na fitowa a allo, mutum ya rarraba su da sauri ta danna harafin E ko I, kwamfuta kuma tana auna jinkirinsa. A gwajin jinsi da aiki, wanda ya fi saurin haɗa sunan namiji da ofis, na mace da gida, za a sanar da shi cewa tunaninsa ya karkata can, ko da bakinsa bai taɓa faɗa ba. A nan ƙarfin gwajin yake, domin shugaban da ke da yaƙinin cewa ba ya nuna bambanci zai ga abin da hannunsa ya yi kafin hankalinsa ya tsawata masa, kuma babu wanda ya zarge shi balle ya fara kare kansa.

Sai dai rauninsa ba ƙarami ba ne. Mutum ɗaya kan sami sakamako daban idan ya maimaita, saboda haka zalunci ne a hukunta ma'aikaci da shi. Wani nazari na 2019 da Patrick Forscher ya jagoranta ya tattara bincike 492, ya gano cewa sauya makin irin wannan gwaji ba ya nufin ɗabi'a ta sauya. Haka kuma an gina yawancin gwaje-gwajen ne kan al'ummar Amurka, ba sa taɓa fifikon ƙabila ko jihar asali da ke sa wani ya ji bare ne a ofisoshinmu.

Ina ba da shawarar a yi shi, amma kowa shi kaɗai, sannan ma'aikata ta gyara tsarinta. Binciken Marianne Bertrand da Sendhil Mullainathan na 2004 ya nuna cewa takardun neman aiki masu sunayen fararen fata sun fi na baƙaƙe samun kira da kashi 50 cikin ɗari. Don haka a rufe sunaye yayin tantance takardu, a yi wa kowane mai neman aiki tambayoyi iri ɗaya, a kuma rubuta ma'aunin ƙarin girma tun kafin a san waɗanda za su nema.