Pikilbol ko padel: wanne ya dace da mazaunin Agege?

Alhaji, barka da warhaka. Ka ce likita ya umarce ka da motsa jiki, gwiwa kuma ba ta son gudu, sai ka ga bidiyon wasanni biyu masu kama da juna, pikilbol da padel, kana tambayar wanne za ka kama kuma ina ake buga su a Legas. Ni dai pikilbol zan ce maka. Ba wai ya fi daɗi ba ne, padel ma akwai daɗi. Maganar fili ce ta raba gardama.

Padel ba ya yiwuwa sai a cikin keji. A Meziko aka ƙirƙiro shi a 1969, a garin Akapulko, ya je ya bunƙasa a Sifen da Ajantina. Filinsa mita 20 ne a tsawo, 10 a faɗi, an kewaye shi da gilashi da ragar ƙarfe, kuma bangon yana cikin wasan: ƙwallo ta dira ta daki gilashi ta dawo, ka buge ta. Saboda haka ba wanda zai zana shi a tsakar gida. Dole ka je inda wani ya zuba kuɗi ya gina, ka biya kuɗin awa, ku haɗa mutum huɗu domin bibbiyu ake yi. Yawancin waɗannan filaye suna can Lekki da Ikoyi da Victoria Island. Daga Agege, kafin ka tsallake gadar Third Mainland ka dawo, gosulo ya cinye maka ninkin lokacin da ka yi kana wasa. Sati biyu za ka yi ka gaji.

Shi kuwa pikilbol, tun asalinsa wasan tsakar gida ne. A 1965 wasu maƙwabta uku, Joel Pritchard da Bill Bell da Barney McCallum, suka haɗa shi a tsibirin Bainbridge da ke jihar Washington ta Amurka, a kan wani tsohon filin badminton. Har yau girman bai canza ba: ƙafa 44 a tsawo, 20 a faɗi. Duk inda ka ga filin badminton na 'yan bibbiyu, ka ga filin pikilbol, raga za a sauke ta dawo inci 36 a gefe, 34 a tsakiya. Harabar tanis guda tana iya ɗaukar filaye huɗu.

To ina za ka nema? A gaskiya filin padel ya fi sauƙin samu a shirye, ka buga waya ka kama lokaci. Na pikilbol sai ka ɗan yi cigiya. Fara da wuraren da ake tanis da badminton a wannan ɓangaren namu: National Stadium da Teslim Balogun a Surulere, suna kallon juna, Rowe Park a Yaba, wanda jirgin Red Line zai ɗauke ka daga tashar Agege ya sauke ka a unguwar, da filin wasanni na Jami'ar Legas a Akoka. Kada ka tsaya a bakin get, ka shiga ka nemi kociya ko yaran da ke tsintar ƙwallo. Su suka san wa ke zuwa da raket na daban, wace rana, kuma ko za a yarda a manna layi a fili idan babu kowa. Lagos Country Club a Ikeja da Ikoyi Club 1938 na 'yan ƙungiya ne, sai wani mamba ya shigar da kai baƙo. Akwai kuma rukunin gidaje da makarantu masu filin tanis da ke zaune ba mai taka shi da safe. Magana da mai kula da wurin takan isa.

In duk wannan bai yiwu ba, daɓen siminti mai laushi ya wadatar. Tef ɗin awo, alli ko salatif mai faɗi, da ragar tafi-da-gidanka mai tsawon ƙafa 22. Ka guji intalok, ƙwallon na dira a kan gaɓa ta kauce. Da damina kuma ka duba gansakuka kafin ka taka, domin simintin Legas in ya yi kore santsinsa ba kyau.

Wajen kaya bambancin ba yawa. Duka biyun raket ɗinsu ba zare. Na padel mai kauri ne da huji-huji, ƙwallonsa kamar ta tanis amma iskarta ba ta kai ba. Na pikilbol shafaffe ne mara nauyi, ƙwallon kuwa roba ce mai tauri da ramuka kamar rariya: mai rami 40 ta waje, mai 26 ta cikin ɗaki. Ramukan nan ne ke rage mata gudu, shi ya sa dattawa suka rungumi wasan. Sai dai tana da ƙara, ƙwas-ƙwas ɗinta na shiga kunne, kada ku fara bayan asuba a gindin tagar maƙwabci.

Dokokin padel, in ka san tanis ka gama: maki 15, 30, 40, sabis (wato bugun fara wasa) daga ƙasa, dama biyu. Na pikilbol ne ke buƙatar zama, kuma guda uku ne ke rikita sabon shiga.

Sabis daga ƙasa ake yinsa, raket ya haɗu da ƙwallo ƙasa da ƙugu, a aika ta kusurwar da ke gicciye, kuma dama ɗaya ce tak. Daga nan sai dokar dira biyu: wanda aka yi wa sabis ya bari ta dira kafin ya mayar, mai sabis shi ma ya bari ta dira kafin ya buga. Sai bayan haka aka halatta bugun sama. 'Yan tanis a nan suke faɗuwa, hannunsu ya saba da yin sabis su ruga gaban raga.

Sai kicin. Yanki ne na ƙafa 7 daga raga a kowane ɓangare. Shiga cikinsa ba laifi ba ne, abin da aka hana shi ne ka tari ƙwallo a sama alhali ƙafarka na ciki ko a kan layi. Ko bayan ka buga ne ƙarfin jiki ya tura ka ciki, ka yi asara. In a filin badminton kuke, ku lura layinsu na gaba ƙafa 6 da rabi ne, sai ku ja naku baya da inci 6. A bakin layin nan ake cin wasa, ba da ƙarfi ba: ka ɗan lallaɓa ƙwallo ta faɗa kicin ɗin abokin hamayya, shi ma ya lallaɓo, har wani ya ƙosa ya ɗaga ta sama a kwaɗa masa. Mai haƙuri ɗan shekara sittin yakan wahalar da saurayi a nan.

Ƙirga maki: masu sabis kaɗai ke ci, ana zuwa 11, da ratar 2. A wasan bibbiyu lamba uku ake faɗa kafin kowane sabis, makinku, nasu, sannan ko kai ne mai sabis na 1 ko na 2. Ana buɗe wasa da 0-0-2, wato masu farawa mutum ɗaya kawai zai yi musu sabis a zagayen farko.

Batun gwiwa, Alhaji, kada a ce maka wasan ba ya ji wa mutum ciwo. Sa kambas irin na tanis mai riƙe ƙafa ta gefe, ba silifas ba, ba kuma na gudu mai tudun dunduniya ba. Ɗumama agara kafin ka fara. In an ɗaga ƙwallo ta wuce kanka, kada ka bi ta da baya-baya; juya gefe ka taka, ko ka bar wa abokinka. Bibbiyu za ka riƙa yi, faɗin ƙafa 10 kawai ke wuyanka, kuma ka nuna wa likitan naka bidiyon ya gani kafin ranar farko.